Tashar nukiliya a Geregu: wa za a tambaya kafin a ce wurin ya dace?

Ɗan Kabawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu ilimin abin su yi mana bayani da Hausar da za mu gane. Jiya bayan isha'i muna zaune a bakin kogi nan Lokoja, wani ƙanena ya tono tsohon labarin nan a waya, cewa Geregu na cikin wurare biyu da aka ware don gina tashar lantarki ta nukiliya, ɗayan kuma Itu a Akwa Ibom. Geregu ba ta da nisa da mu, ko awa ɗaya ba a yi a mota in ruwa bai cinye hanyar Ganaja ba. Baffana, wanda ya haura shekara arba'in yana su, ya ajiye komar da yake ɗinki ya ce, "To ruwan da injin zai sha daga wane kogi? Wanda zai amayar kuma ina za shi?" Duk muka yi shiru. An ce akwai binciken muhalli da ake yi kafin a amince da wuri. Me ake dubawa a ciki? Kuma irinmu ana tambayarmu?

Na-Gwarzo: Wa alaikumus salam. Ka ce wa Baffa ya ci gaba da ɗinkin komarsa hankali kwance. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da ke maƙwabtaka da wurin tun 1979 aka fara shi, zamanin Tarayyar Sobiyet. Tarayyar ta rushe, shi kuma har yau bai narka ƙarfen da aka gina shi dominsa ba. Kafin a kunna nukiliya a Geregu jikokin Baffa sun yi furfura.

Bazazzagi: Na-Gwarzo kai dai ba ka rabo da zolaya. Ɗan Kabawa, labarin gaskiya ne, amma tsoho ne. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, tun 1976 aka yi dokarta, sai 2006 zamanin Obasanjo ta fara aiki sosai. Da farko wurare huɗu aka yi magana: Geregu a Kogi, Itu a Akwa Ibom, Agbaje a Ondo, da Lau a Taraba. A 2015 aka ji an tsaya kan biyun farko, a 2017 kuma aka sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Ba a aza ko tubali ɗaya ba. Kuma zaɓen wuri daban, amincewa da shi daban. Kafin a haƙa rami sai an samu lasisin wuri daga NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya, sannan sai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda ake ce wa EIA.

Ni dai kada a tsorata mutane. Mu a Samaru tun 2004 muke kwana kusa da tukunyar nukiliya ta cibiyar binciken makamashi ta ABU. A 2018 ma aka sauya mata makamashi, aka mayar da tsohon Chaina, yawancin mutanen gari ko sani ba su yi ba. Babu wanda ya tsiro ƙaho.

Baba Injiniya: Ɗana Bazazzagi, tarihin da ka kawo daidai ne, amma misalin Samaru ka ajiye shi gefe. Waccan tukunyar kilowat 30 ce, ƙarfin dutsen guga talatin ke nan. Irin wadda Rasha ke ginawa Masar a El Dabaa kowace ɗaya megawat 1,200 take bayarwa, zafin da take haifarwa kuwa ya kai megawat 3,200. Ka lissafa, ya ninka na Samaru sau dubu ɗari. Ba a gwada kaza da raƙumi don duk suna da wuya.

Tambayar Baffa ita ce tambayar farko da injiniya zai yi. Cikin zafin nan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke zama lantarki. Sauran, wajen megawat 2,000, dole a zubar da shi, kuma ruwa ke ɗaukarsa. Hanya biyu ce. Ko dai a jawo ruwan kogi ya ratsa ya koma da ɗumi, wanda zai buƙaci wajen kubik mita 50 a kowace daƙiƙa in ana so ɗumin kada ya wuce digiri goma. Ko kuma a gina manyan hasumiyoyin nan masu kama da turmi, ruwan ya tashi sama a matsayin tururi. Ta biyun ba ta jan ruwa da yawa, amma abin da ta sha ya tafi ke nan: a lissafina wajen lita miliyan 70 a rana ga tukunya ɗaya, tankar mai sama da dubu biyu.

Gaskiya guda: ga Kwara bayan ta haɗu da Binuwai, wannan adadin ba shi ne abin tashin hankali ba. Abin dubawa shi ne bakin bututun da ke jan ruwan. Ana sa masa raga, manyan kifi su manne a jiki, ƙwai da 'ya'yan kifi su wuce ciki su dahu. Sai ɗumin ruwan da ke komawa, da sinadarin kulorin da ake zubawa don kada gansakuka ta toshe bututu. Rahoton kirki sai ya faɗi inda kifi ke zuba ƙwai a wannan sashe na kogin, a wane wata, kuma bututun zai yi nisa da wurin ko a'a.

Ɗan Kabawa: Baba Allah ya ƙara girma. Wannan na ƙarshen ai ba sai an ɗauko Bature ba. Duk yaron da ya tashi a jirgi ya san cewa in ruwa ya fara hawa, tarwaɗa da ragon ruwa fadama suke shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, sai ruwa ya fara janyewa 'ya'yan su gangaro. Giwan ruwa kuma tana da gurbinta mai zurfi da ba ta bari. Baffana zai iya kai mutum kowane gurbi da daddare ba tocila.

Mai Awo: Matsalar ke nan, ba za a je wurin Baffa ba. Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na yi shekara uku ina bin wani kamfanin masu rubuta irin wannan rahoto, ni ke riƙe kwalaben ɗibar ruwa da na'urar auna ƙara. An taɓa ba mu aikin wata masana'anta a bakin wani kogi. Ƙa'ida ita ce a ɗebi samfur damina da rani. Mun je sau ɗaya, a watan Fabrairu, muka kwana biyu. Da rahoton ya fito sai ga jadawalin damina cike da lambobi tsaf. A babin dabbobi har da sunan wani kifin da sai a ruwan gishiri ake samunsa, don daga rahoton wani aiki na bakin teku aka kwafo, aka manta ba a goge ba. Taron jin ra'ayin jama'a kuwa a otal aka yi shi cikin gari, da Turanci, aka raba shinkafa a roba da ambulan. Mutanen ƙauyen da abin ya shafa mutum huɗu suka zo, kuma mai gari ne ya zaɓo su. Hoton taron ya fi kowane shafi kyau a rahoton.

Mai aikin shi ke ɗaukar mai binciken, shi ke biyansa. Wane ɗan kwangila ne zai rubuta wa wanda ya ba shi aiki cewa wurinka bai dace ba?

Hajiya Barista: Mai Awo ka taɓo inda ke ciwo. Amma bari in faɗi abin da ke a takarda, don mutum ya san haƙƙinsa kafin ya ce an danne shi. Dokar EIA ta 1992 ce, doka mai lamba 86 ta zamanin soja. Asalinta abin kunyar garin Koko da ke jihar Delta ta yau ne a 1988, lokacin da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya a wani fili a garin. A ƙa'idar ma'aikatar, in an gama daftarin rahoto ana baje shi kwana 21 na aiki, a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha da ta tarayya, a yi sanarwa a jarida da rediyo, kowa na iya zuwa ya karanta ya rubuta ƙorafi. Babban aiki kuma ana kafa masa kwamitin masana su zauna a bainar jama'a.

To ku duba. Kwana 21, littafi mai shafi ɗaruruwa, da Turancin kimiyya, a kan teburin wani ofis da masinja ke riƙe da makullinsa. Masunci da ke kwana a ruwa yaushe zai karanta? Ni a wurina ma'aunin rahoton muhalli guda ɗaya ne: shin akwai yiwuwar ya ƙare da cewa a'a? In tun kafin a fara an san amsar, to ba bincike ba ne, shaidar biki ce.

Bazazzagi: Hajiya ina girmama ki, amma kada a haɗa tashar nukiliya da masana'antar Mai Awo. Nan akwai idon duniya. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana da matakai uku da batutuwa 19 da ƙasa za ta cika, abin da kan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma tawagarta ta zo Najeriya a 2015 ta duba shirinmu. Dole a kafa dogon ƙarfen auna iska a wurin a yi aƙalla shekara guda cur ana rubutawa, a haƙa rijiyoyin gwajin ruwan ƙasa, a auna burɓushin nukiliyar da Allah ya halitta a ƙasar wurin tun kafin a zo. Ba abin da za a kwafo daga rahoton wani ba ne.

Hajiya Barista: Ƙanena, IAEA shawara take bayarwa. Ba ta ba da lasisi, ba ta hanawa. In gwamnatinka ta ce ta gamsu, ta gamsu ke nan.

Baba Injiniya: Duka biyunku kuna da gaskiya, amma ni abin da ke hana ni barci game da Geregu ba kifi ba ne, ambaliya ce. Ɗan Kabawa zai ba da shaida.

A Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasar ba ita ta kashe tashar ba. Tukwanen sun tsaya da kansu kamar yadda aka tsara. Amma tukunyar nukiliya ko an kashe ta tana ci gaba da fitar da zafi, sai an yi ta zagaya mata ruwa. Layin wuta na waje ya faɗi, janaretocin ko-ta-kwana suna ɗakin ƙasa, igiyar ruwa mai tsayin wajen mita 14 ta zo alhali an yi shirin ƙasa da mita shida da rabi. Shi ke nan. Kuma tudun da aka gina tashar a kai asalinsa ya fi haka tsawo, sassaƙe shi aka yi don jan ruwan teku ya yi sauƙi. Tashar Onagawa ta fi kusa da inda girgizar ta taso, amma an ɗora ta a tudu mai kusan mita 15, ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta. Bambancin a zaɓen wuri yake, shekaru arba'in kafin ranar.

Kuma ba sai teku ba. A Faransa a Disamban 1999 ruwa ya tsallake shingen tashar Blayais. A Amurka a 2011 kogin Misuri ya zagaye tashar Fort Calhoun kamar tsibiri. Shi ya sa ƙasashe da yawa ba sa lissafi da ambaliyar da aka taɓa gani, sai wadda za ta iya zuwa sau ɗaya a shekara dubu goma. Mu kuwa ma'aunin ruwan Lokoja tun zamanin Turawa ake karanta shi, shekara ɗari ke nan da ɗoriya. Ga madatsu a sama: Kainji da Jebba a kogin Kwara, Shiroro da Zungeru a kogin Kaduna, Lagdo a Kamaru. Rahoto sai ya amsa: in ɗaya ta ɓalle a tsakiyar Satumba, ruwan zai kai ina a Geregu, cikin awa nawa? Wanda ya ce madatsa ba ta ɓallewa ya tambayi mutanen Maiduguri abin da Alau ta yi musu a 2024.

Ɗan Kabawa: Shaida kuwa ina da ita a bangon gidanmu. Akwai layi biyu. Na 2012 ya kai ƙirjina, mahaifinmu ya ja masa layi da gawayi sannan muka bi da fenti. Na 2022 ya haura shi. A duka biyun hanyar Abuja ta yanke wajen Koton Karfe, tireloli suka yi kwanaki a jere. A 2022 hanyar Ganaja da ke zuwa Ajaokuta da kwalekwale ake tsallaka ta, har da babura a ciki. Ni da kaina na yi sati biyu ina fito da mutane a kan kwalta. To Baba, ko da tashar tana kan tudu ruwa bai taɓa ta ba, in wani abu ya faru a irin wannan lokaci ta ina za a kwashe jama'a?

Baba Injiniya: Ka yi tambayar da ta fi tawa. Wannan babi ne guda a binciken wuri: shin shirin gaggawa zai yiwu a nan? A Amurka ana zana da'irar kilomita 16 don kwashe mutane, da ta kilomita 80 don sa ido kan abinci da ruwan sha. A Fukushima kilomita 20 aka kwashe, a Chernobyl a 1986 kilomita 30. Ka ɗora wannan a taswirar Kogi. Gadar Itobe, hanyar Ganaja, hanyar Okene, sai kogi. In biyu sun nutse, takardar shirin ba ta da amfani.

Jikan Ardo: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, an yi maganar kifi an yi maganar hanya, ba a yi maganar na'i, wato shanu, ba. Mu da rani fadamun Kwara muke sauka, daga Koton Karfe har Ibaji, ruwa na fara hawa mu tashi. Wanda ya zo ƙidaya a watan Agusta zai rubuta babu kowa a wurin. Wanda ya zo a Maris zai tarar da mashekari ko'ina. Kuma ba mu da takardar fili, burtali da mashaya ba a ba su satifiket. To a wane shafi za a sa mu?

Bazazzagi: Wallahi Jikan Ardo ka tuna min abin da aka koya mana a aji na manta. In aka samu hatsari, hanyar da ta fi saurin kai cuta ga yara ita ce ciyawa, saniya, nono. Sinadarin ayodin mai lamba 131 yana sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya fito a madara, ya taru a maƙogwaron yaro. Yawancin yaran da suka kamu da sankarar maƙogwaro bayan Chernobyl ta madara suka same ta. A Ingila kuwa, da aka yi gobarar Windscale a 1957, sai aka bi gonaki aka karɓe madarar yankin aka zubar. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk kwana takwas, don haka in an tsare nonon na 'yan makonni an tsira. Amma su sun san kowace gona da lambarta. Mu nonon da aka tatsa da asuba kafin azahar yana cikin ƙwarya a kasuwa uku. Na yarda, rahoton da bai bi hanyar ƙwaryar nono ba bai cika ba. Sai dai wannan maganar hatsari ce. A aikin yau da kullum abin da tashar ke fitarwa bai kai abin da mutum ke samu daga ƙasa da rana ba, kuma ba ta hayaƙi. Iyali nawa hayaƙin janareto ya kashe a ɗaki a ƙasar nan? Wannan ma muhalli ne.

Ɗan Arlit: Ɗan'uwa Bazazzagi, mu nan Nijar mun ji irin wannan zance tun kafin a haife ka. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom daga Arlit. An rufe mahaƙar Akokan a ƙarshen Maris 2021, aka bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a bakin gari. A 2009 masu bincike daga waje sun auna titunan Akokan suka samu wuraren da awon burɓushin nukiliya ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Almustapha Alhacen na ƙungiyar Aghirin'man ya yi shekaru yana wannan kuka, har aka ba shi kyautar Nuclear-Free Future a 2017. Na san mahaƙa daban tasha daban, kada ka gaya mini. Abin da nake nufi, ranar buɗewa kowa na nan, ranar rufewa ake neman mutane a rasa. Ku tambaya tun yanzu: makamashin da ya ƙone, wajen tan 20 a shekara, ina za a ajiye shi, wa zai biya, har yaushe? Finland ta haƙa rami mai zurfin sama da mita 400 cikin dutse saboda nata. Ku fa?

Na-Gwarzo: Mu da kwandon sharar unguwa ya gagare mu kwashewa.

Bazazzagi: Irin wannan maganar ce ta sa ba ma ci gaba. Komai a ce ba za mu iya ba. Afirka ta Kudu tun 1984 take gudanar da tashar Koeberg kusa da Cape Town. Masar ta fara zuba kankare a El Dabaa a 2022, tukwane huɗu, megawat 4,800, da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Su ba mutane ba ne? Wasu dai sun fi son mu dawwama a duhu suna dariya a waya.

Na-Gwarzo: Yaro, ni na sayi janareto uku a rayuwata, kada ka koya min zafin duhu.

Shugaban Zaure: Jama'a a sassauta. Bazazzagi, Na-Gwarzo yayanka ne. A ci gaba da magana kan batu.

Hajiya Barista: Na ji daɗi da ka kawo waɗannan ƙasashe biyu, don suna goyon bayana ne. A El Dabaa mutanen wurin sun kutsa filin a farkon 2012 suka rusa gine-gine saboda rikicin ƙasa da diyya, sai da aka zauna da su. A Afirka ta Kudu mata biyu, Makoma Lekalakala da Liz McDaid, suka ja ƙungiyoyinsu zuwa kotu, a 2017 babbar kotu a Cape Town ta soke yarjejeniyar nukiliya da Rasha saboda ba a bi ƙa'ida ba, ba a saurari jama'a ba. Binciken muhallin sabuwar tasharsu ya ɗauki wajen shekara goma, masu binciken suka fi karkata ga Thyspunt, ma'aikatar muhalli ta ba da izini a Duynefontein kusa da Koeberg. Wato a can rahoto na iya sauya wuri, kotu na iya tsayar da aiki. Abin da ya sa na amince da Koeberg ke nan, ba don injinta ba.

Mu kuwa tarihinmu da manyan ayyuka a bakin ruwa sananne ne. Kainji ta tashi mutum sama da dubu arba'in, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa. A Bakolori a 1980 manoma suka tare hanya kan diyyar gonakinsu, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Tiga da Challawa sun amfani Kano, amma ku tambayi manoman Hadeja da Nguru yadda fadamarsu ta koma. Kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 diyyar gini da shuka da itatuwa take biya. Gurbin giwan ruwan Baffa ba gini ba ne. Mashayar Jikan Ardo ba shuka ba ce. In ba a rubuta su a rahoton tun farko ba, a idon hukuma babu su.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Takoradi. Mu ma nan Gana muna cikin irin wannan. A 2023 aka sanar da Nsuban a Yankin Yamma a matsayin wurin farko, Obotan a Yankin Tsakiya na ko-ta-kwana, a farkon 2025 kuma tawagar IAEA ta zo ta duba yadda aka yi zaɓen. Duka biyun bakin teku ne, don haka mu tambayarmu ta masu jiragen su ce da kuma girgizar ƙasa, tunda Accra ta sha ta a 1939. Ku ma naku ba a rasa ba, na tuna an yi motsin ƙasa a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Abin da na lura, ko nan da ake cewa ana bin tsari, in ka tambayi mai sayar da kifi a kasuwa sunan wurin ma bai taɓa ji ba.

Baba Injiniya: Motsin Kwoi da Mpape ƙanana ne, amma sun isa su sa a kafa na'urorin auna girgiza a wurin na shekaru, a bi tsagar dutsen nan da masana ke cewa ta taso daga Ifewara zuwa Zungeru a ga inda ta nufa.

Bazazzagi, ɗana, ni ba na adawa da nukiliya. Na yi shekara talatin a harkar wuta, na san abin da rashinta ke yi wa masaƙa da asibiti. Amma akwai babin da ake kira zaɓi na daban, kuma a nan nake so ka yi tunani. Ƙa'idar aiki ita ce inji guda kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin babban layin ƙasa, don in ya tsaya farat ɗaya kada ya ja kowa ƙasa. Mu abin da ke kaiwa ga jama'a yana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tukunya mai 1,200 kusan rubu'i ke nan. Kuma ita kanta tana buƙatar wutar waje tsayayya don sanyaya kanta. Ka tuna Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir suka lalace, Arewa ta yi fiye da mako a duhu. A Geregun nan akwai tashoshin gas biyu, kowace ta haura megawat 400, kuma sau da yawa tashoshin gas ɗinmu ba injin ke gazawa ba, gas ne babu ko layin kwashe wutar. Rahoto na gaskiya sai ya jera: ga nukiliya babba, ga ƙanana, ga gyaran gas da layuka, ga hasken rana, ga barin wurin yadda yake. In babin nan shafi ɗaya ne, ka san an riga an yanke hukunci.

Bazazzagi: Baba na karɓi maganar layi. Amma gyaran layi da binciken wuri ai tare za a yi su, shekara goma ce a gaba. In muka jira komai ya daidaita ba za mu taɓa farawa ba. Na-Gwarzo, Yaya, a yi haƙuri da zafin baki.

Na-Gwarzo: Ba komai. In an kunna ka kira ni, ko ina kabari a yi min filashin.

Mai Awo: Ɗan Kabawa, shawara daga wanda ya riƙe kwalba. Kada ku jira ranar da za a kira ku otal. Duk abin da ba a rubuce yake da kwanan wata ba, mai rahoto zai ce labari ne. Layukan bangon nan ku ɗauke su hoto da tef a jiki, waya ta nuna wurin. Ku rubuta jirage nawa ke tashi daga kowace mashiga tsakanin Lokoja da Itobe, wane kifi, wane wata, kwando nawa. Jikan Ardo, ku ma garke nawa ke sauka, daga yaushe zuwa yaushe, matan ruga wace kasuwa suke kai nono. In kuka miƙa wannan a rubuce cikin kwana 21 ɗin, aka buga muku hatimin karɓa a kwafinku, kwamiti ba zai iya cewa bai gani ba, kuma Hajiya na da abin riƙewa a kotu.

Hajiya Barista: Hatimin nan shi ne komai. Kwafi biyu, ɗaya a bar musu, ɗaya a dawo da shi gida. Kuma mutanen Itu ba su jira an kira su ba, tun 2015 dattawan Akwa Ibom suka fito suka ce ba su yarda ba.

Jikan Ardo: Ƙirga shanu a gaban baƙo abu ne mai wuya a wurinmu, tun zamanin jangali. Amma garke da wata zan iya samowa in na bi ta hannun ardo'en, ba sai an faɗi kawuna ba.

Ɗan Kabawa: Na karanta wa Baffa duka yanzu, har da na Na-Gwarzo, ya yi dariya. Ya ce a gaya wa Baba Injiniya layi biyun bangonmu ba su ne mafi tsawo ba. Wai kakansa ya nuna masa wata tsamiya a hayin kogi da aka taɓa ɗaure jirgi a reshenta, tun kafin a gina Kainji, kuma tsamiyar na nan.

Baba Injiniya: Wannan tsamiyar nake so. Ka tambaye shi wane reshe, ka auna daga ƙasa, ka nemi wani tsohon daban da ba gidanku ba ka ji ko zai nuna reshe ɗaya.

Ɗan Kabawa: To Baba. Yawan jiragen kuma Sarkin Ruwa ya sani, sai dai a ka yake riƙe da shi. Zan je masa da littafi ranar Juma'a bayan an sauko.